Kogin da Ba a Datse Ba: Daga Gadar Jama'are Zuwa Dagona

Mu mutanen Potiskum ba 'yan kogi ba ne. Garinmu na kasuwa ne da mota: shanu ranar Laraba, tireloli dare da rana, hatsi buhu-buhu. Ruwan shanmu daga ƙarƙashin ƙasa ake jawo shi, rijiya ko burtsatse, mai kura ya turo ya kawo ƙofar gida. Shi ya sa da yawanmu mun ƙetare gadar Jama'are a hanyar Kano ba adadi, ba tare da mun tambayi inda ruwan nan ya fito ko inda ya dosa ba. Da damina a gan shi ja wur ya cika ya batse, da bazara a ga yashi fari fat, tifofi na ɗiba, mota ta wuce, shi ke nan. Abin da ya sa na tashi takanas na bi shi kuwa, magana ce da na sha ji a bakin dillalan kara: in ka ga sa mai kyan jiki a tsakiyar rani, kuma ba na turke ba ne, to tambayi mai shi, da wuya bai ce maka daga fadamar Bade ya fito ba.

Na fita bayan an gama kaka, hunturu ya fara kaɗawa. Daga Azare na zarce Jama'are, na sauka a bakin gada na gangara da ƙafa. Ruwa ya ja baya, ya bar tsibiran yashi a tsakiya. Jan nan na damina ya kwanta, ruwan ya tsaru har kana ganin yatsun ƙafarka a ciki. Mata na wanki, yara na ninƙaya, can gaba injinan ban-ruwa na ta ɓarin hayaƙi suna tura ruwa cikin fangalin albasa da tumatir. Wani makiyayi ya gangaro da garkensa, shanun suka shiga har gwiwa suka tsaya suna sha a natse. Na daɗe a tsaye a wurin, don ban saba ganin ruwa mai yawa haka yana tafiyarsa ba mai tare shi ba.

Daga tsaunukan Jos kogin ya taso. A can sama Bunga ake ce masa. Ya ratsa ƙasar Ningi, ya biyo ta Jama'are da Itas, ya wuce Katagum, ya shiga Jihar Yobe, sannan ya haɗu da kogin Haɗeja kafin Gashuwa. Daga nan sunansa ya koma Komadugu Yobe, ya bi ta Gaidam da Damasak, ya zama iyakar Najeriya da Nijar a wajen Difa, inda ake noman jan tattasan nan da ya yi suna, har ya zuba a Tafkin Cadi. Abin da ya bambanta shi da ɗan'uwansa shi ne, tun daga tsaunukan har mahaɗa, babu babban dam a kan gangar jikinsa. Kogin Haɗeja kuwa an datse manyan rassansa biyu: Tiga a 1974, aikin da aka yi zamanin Gwamna Audu Baƙo, da Calawa a 1992. Waɗannan biyu su ke riƙe da kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan da ke shiga kogin Haɗeja. Ke nan a ƙasa ɗaya, a yanayi ɗaya, ga kogi da aka datse ga wanda aka bari, sun jero suna gangarowa wuri guda. Duk mai son sanin abin da dam ke yi wa na ƙasa da shi, ba sai ya je wata uwa duniya ba.

Na koma Azare na kama hanyar Katagum, tsohon birnin da Malam Zaki ya kafa a farkon ƙarni na 19, kafin fadar sarki ta koma Azare a zamanin Turawa. A nan ne Baturen nan Clapperton ya sauka a Janairun 1824 kan hanyarsa daga Borno zuwa Kano. Garin yanzu shiru-shiru ne, amma ƙasar da ke kewaye da shi ita ce ta buɗe mini ido, domin daga nan ne kogi ke fara sakin jiki.

Ga yadda abin yake. Ruwan saman da ya zuba a tsaunukan Jos da Bauchi ba ya isowa nan kwana ɗaya. Yana tafe sannu a hankali, sai wajen Agusta da Satumba yake isowa da cikakken ƙarfinsa. Ƙasar nan kuwa shimfiɗaɗɗiya ce, ga tsofaffin tuddan yashi a jejjere, waɗanda iska ta tara tun wani zamani mai nisa da hamada ta taɓa saukowa har nan. Da kogin ya shigo tsakanin tuddan sai ya rarrabu, ya malala kwari-kwari, ya cika kowane gurbi, ya sauke laka mai taki da ya ɗauko daga sama. Manomi ya riga ya san da zuwansa. Tun ruwan farko ya shuka shinkafarsa, don kafin ambaliya ta iso ta yi tsawon da ruwa ba zai shanye kanta ba. Shi ma kifi ya san lokacin: tarwaɗa da karfasa da ƙurungu su bar tsakiyar kogi su kutsa cikin ciyawar da ruwa ya rufe, su zuba ƙwai, 'ya'yan su girma inda abinci ya yalwata kuma manyan kifaye ba sa iya bin su.

Sai ruwa ya fara janyewa. A yanke shinkafa, wani wurin ma cikin kwalekwale ake yankan. Tun ƙasa ba ta bushe ba, a bi sawun ruwan da wake da kankana da kuɓewa, su nuna da danshin da ya rage, ba a ba su ruwa ko sau ɗaya ba. Kifin da ya yi ƙiba a ciyawa ya nemi komawa kogi, masunta su tare shi a mashigi; wanda ya makara ya tsaya a tafkuna, su kuma tafkunan da yawansu akwai mai faɗa a ji a kansu, sarkin ruwa ko bulama, ba mai jefa koma sai ranar da aka sa. Idan rani ya kankama, ciyawar tudu ta ƙone, sai Fulani su gangaro da shanu kan burgu, ciyawar fadama mai zaƙi wadda ruwa ya bari kore shar. Kashin da shanun suka zubar shi ne takin shinkafar baɗi, shi ne kuma ke raya ƙwarin da kifin baɗi zai ci. A ƙarƙashin ƙasa kuma ruwan da ya tsuma ya cika yashi, mai lambu ya kafa bututu gaba kaɗan ya sa inji ya noma alkama da tattasai da albasa. Ban ma ambaci kabar goruba da ake saƙa tabarma da igiya da ita ba, ko itacen bagaruwa, ko kanwa. Fili ɗaya, a shekara ɗaya, ya ci da mai shinkafa, ya ci da masunci, ya ci da makiyayi, ya ci da mai lambu, kowa da watansa.

Ba wai ba a saɓani ba. Ana yi, musamman inda lambu ya cinye burtali ko mashaya, ko shanu suka gangaro wake bai tashi ba. Amma na lura yawancin rigimar tana tashi ne a shekarar da ruwa ya gaza, fili mai danshi ya ƙanƙance, kowa ya taru a kan ɗan abin da ya rage.

Zango na biyu ta hanyarmu ta arewa na bi, Potiskum zuwa Jakusko zuwa Gashuwa. Ɗan Potiskum ba baƙo ba ne can sosai a ƙasar Bade, domin Badanci da Ngizimanci 'yan ɗaki ɗaya ne, wanda ya tashi yana jin ɗaya zai tsinci kalmomi a ɗayan. A ƙaramar hukumar Jakusko ne Gorgoram take, tsohon birnin Bade mai ganuwa, inda ake bikin kamun kifi da rani a gaban Mai Bade. Ban riski bikin ba, amma na ga abin da ke sa a yi shi: ruwa kwance tsakanin itatuwa, tarin gora da koma a bakin gaɓa, hayaƙin banda na tashi a bayan gidaje.

A bakin kogi kusa da Gashuwa na tarar da wani dattijo yana ɗinkin taru a gindin tsamiya. Na durƙusa na gaishe shi.

"Baba, sannu da aiki. Yaya ruwa bana?"

"Alhamdu lillahi, ɗana, ya zo. Daga ina?"

Da na ce Potiskum, ya yi murmushi ya ce ashe masu cin kifinsu ne suka zo ganin gona. Ya matsa mini gefen tabarma. Hirarmu ta yi tsawo, ya nuna mini yadda ake gane ramin gaiwa a busasshiyar laka, kifin nan da ke naɗe kansa a ƙasa ya kwana rani guda yana jiran ruwa. Amma maganar da na riƙe ita ce da na tambaye shi wane ruwa ne ke cika musu kogi. Bai yi wata-wata ba ya nuna kudu maso yamma da allurar hannunsa, ya ce ruwan Katagum ne, shi ke zuwa ja da ƙarfi, shi ke kawo kifi. Na Haɗeja kam tun yana saurayi ya fara ja da baya. Abin da masana ruwa suka auna ya yi daidai da nasa: tun bayan dam-daman Kano da toshewar tsohuwar hanyar kogin Haɗeja, mafi yawan ruwan da ke wucewa ta Gashuwa na Jama'are ne. Wato Gaidam da Damasak da Difa, duk a kan wannan kogi ɗaya suka rataya.

Dagona na yamma da Gashuwa. Tafkin wani tsohon lanƙwasar kogi ne da ruwa ya yanke ya canza hanya ya bari, ambaliya ke cika shi duk shekara. Na isa da sassafe tare da wani ma'aikacin gandun daji, hazo bai gama tashi ba. Kafin ka ga komai kunnenka zai fara cika, fiton kirinjijiya ta ko'ina, ɗaruruwa a lokaci guda. Da gari ya waye sosai sai ga su, sun rufe bakin ruwa, fararen fuskoki a jere. Ga dinya manya-manya suna takawa cikin bado, ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya, ga jinjimi na caccakar laka, balbela kuwa ba a magana. Ma'aikacin ya miƙo mini madubin hangen nesa, ya ce, "Malam, duba waɗancan ƙananan na tsakiya." Agwagi ne 'yan madaidaita, wasu da dogon wutsiya mai tsini. Ya ce waɗannan baƙi ne, daga Turai suke, wasu har daga Rasha. Suna gudowa daga sanyin can, su ƙetare teku su ƙetare Sahara, su sauka nan wajen Oktoba, su tashi wajen Maris. Tsuntsun da ya ratsa hamada ba ci ba sha, wannan fadama na cikin wuraren farko da zai tarar da ruwa da abinci. Na riƙe madubin har hannuna ya gaji, ina tasbihi. Ban san akwai irin wannan a jiharmu ba sai a labari, gani kuwa ya kori ji.

Duniya ta daɗe da sanin wurin. A 1987 aka fara shirin kiyaye fadamar Haɗeja da Nguru, a 1989 Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin, ya zo Dagona da kansa. A 1991 aka kafa Gandun Dajin Ƙasa na Yankin Cadi, wanda ɓangarensa na Bade da Nguru ya haɗa da Dagona. A shekarar 2000 tafkin Nguru da mashigin Marma, hekta 58,100, suka zama wuri na farko a Najeriya da aka sa a jerin fadamun duniya na yarjejeniyar Ramsar. Dagona da Baturiya ta Jigawa suka bi baya a 2008. A 2020 kuma hukumar UNESCO ta sa yankin Haɗeja da Nguru da Bade cikin wuraren da take ba wa kulawa ta musamman. Na ji daɗin ganin ma'aikatan suna ji da wurin, sun san kowace kusurwa, sun san makon da kowane tsuntsu ke sauka. Amma shi ma'aikacin da kansa ya ce mini, shekarar da ambaliya ba ta kai ba, tafkin kan ƙafe da wuri, tsuntsaye su yi gaba, kuma ba abin da mai gadi zai iya yi a kai.

Da na ƙarasa Nguru na ga ɗaya fuskar. Tun daga hanya za ka hangi kacala, ciyawar nan doguwa mai kai irin na gero, ta fi mutum tsawo, ta rufe ruwa iya ganinka. Dalilin yaɗuwarta ya ba ni mamaki da aka warware mini shi. A da kogin Haɗeja kan cika da damina ya ƙafe da rani, bushewar nan ita ke kashe ciyawar ruwa, ambaliya mai ƙarfi kuma ta share hanya. Da aka yi dam, sai aka rage ƙarfin ambaliya, aka kuma riƙa sako ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara saboda shan birnin Kano da gonakin ban-ruwa. Ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa, shi ne abin da kacala ke so. Ta tsiro ta rage wa ruwa gudu, laka ta kwanta, hanya ta toshe. Ruwan da ya rasa mafita ya karkata mashigin Marma ya kwanta a gonakin mutane shekara da shekaru, yayin da na bakin tsohon kogin Haɗeja da reshen Burum Gana ke zaune ba ruwa. Cikin kacalar kuma jan-baki ya samu wurin kwana, ya fito da safe ya faɗa wa shinkafa da gero. Na ga mutanen ƙauye sun yi gayya, sun shiga ruwa har ƙirji da lauje da adda suna yanka don su buɗe hanyar kwalekwale. Sun burge ni matuƙa, aikin kuma ya ba ni tausayi, domin sun san baɗi za ta dawo. A nan na fahimci ashe bushewar rani ma aiki take yi wa kogi, kuma yashin nan fari da muke gani a ƙarƙashin gadar Jama'are da bazara alamar lafiya ce.

Alƙaluma sun nuna girman asarar. A shekarun 1960 ambaliya kan rufe hekta 250,000 zuwa 300,000 a wannan fadama. Daga baya, tsakanin fari da dam-damai, ta koma hekta 70,000 zuwa 100,000. Abin da ya rage ɗin nan, kogin Jama'are ne ke riƙe da kaso mai tsoka a ciki.

Shi ma kuwa da ƙyar ya sha. Bayan farin farkon shekarun 1970 aka tsara dam ɗin Kafin Zaki a ƙasar Ningi, wanda zai tare ruwa kubik mita biliyan 2.7, fiye da Tiga. An ba Julius Berger kwangila a zamanin Shagari, aka soke a 1984, gwamnatin Babangida ta farfaɗo da ita a 1992, aka sake tsayarwa a 1994. An sake tayar da maganar a 2008, Yobe da Borno suka nuna rashin amincewa. Har yau dam ɗin bai tabbata ba, kuma har yau ba a daina kiran a gina shi ba. Abin da ke damuna shi ne, ba doka ce ta tsare kogin ba. Rashin kuɗi ne, da sauyin gwamnati, da ƙorafin na ƙasa. Duk takardun girmamawar da na lissafa, iyaka suke shatawa a kan ƙasa, su kewaye tafki ko kurmi. Ruwan da ke raya tafkin kuwa daga ɗaruruwan kilomita yake zuwa, daga wajen iyakar, inda mai gadin Dagona ba shi da ta cewa.

An ma taɓa yin lissafin. A farkon shekarun 1990 masana uku, Edward Barbier da William Adams da Kevin Kimmage, suka ƙiyasta abin da fadamar ke bayarwa ta noma da su da itacen wuta kawai, suka gwada da abin da aikin ban-ruwa na kogin Kano ke bayarwa. In da yawan ruwan da kowanne ke sha za a auna, fadama ta ninka aikin ban-ruwa nesa ba kusa ba, alhali ba su ma sa kiwo da ruwan rijiyoyi a lissafin ba. A 1998 Barbier da Julian Thompson suka sake dubawa, suka ga idan aka kammala duk dam-damai da manyan gonakin da aka tsara a sama, ribar da za a samu ba za ta kai kashi ɗaya cikin biyar na asarar da na ƙasa za su yi ba.

A nan ne abin da Amurka ta yi ya ba ni sha'awa. Su ma sun yi zamanin da ake ganin duk kogin da ba a datse ba ɓarnar ruwa ne, suka gina dam dubbai. Wasu 'yan'uwa biyu masana namun daji, John da Frank Craighead, da suka yi fafutukar hana datse wani kogi a Montana, su suka fara kiran a ware wasu koguna a bar su yadda Allah ya yi su. A ranar 2 ga Oktoban 1968 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar kare irin waɗannan koguna. Ta fara da koguna 8, ta kuma lissafa wasu 27 da za a bincika. Yau sun haura 200, duk da haka ba su kai kashi ɗaya cikin 100 na tsawon kogunan ƙasar ba. Kogin da ya shiga jerin, gwamnatin tarayya ba ta ba da izinin gina dam a kansa, kuma akan kula da ɗan zirin ƙasa a gaɓoɓinsa biyu.

Ba yawan ne ya burge ni ba, tsarin tantancewar ne. Tambaya ta farko: shin kogin, ko wani yanki nasa, yana gudana ba a datse ba, ba a karkatar ba? Ta biyu: yana da aƙalla abu ɗaya na ban mamaki da ya fi na sauran kogunan yankin, ko kifi da namun daji, ko kyan gani, ko tarihi, ko al'ada? In ya haye waɗannan, sai a bi shi yanki-yanki a raba shi aji uku gwargwadon yadda hanya da gine-gine suka kusance shi, tun daga wanda sai da ƙafa ake isa har wanda titi ke bin gefensa. Sannan a zo tambaya mai wuya, wadda ake zama da jama'a a kanta: ya dace a kare shi? Wa zai amfana, wa zai rasa, me za a fasa yi in an kare shi, wa zai kula da shi? Kuma yayin da majalisa ta sa a binciki kogi, akan dakatar da ba da izinin dam a kansa har a gama. Ba Amurka kaɗai ba ce: Suwidin ta keɓe manyan kogunanta huɗu na arewa, Albaniya kuma a 2023 ta mayar da kogin Vjosa gandun ƙasa.

Da za a ɗora Jama'are a wannan sikeli, tambaya ta farko ya haye ta. Ta biyu kuwa ba abu ɗaya yake da shi ba: ga tsuntsayen Dagona, ga kifin Gorgoram da bikinsa, ga tarihin Katagum da Bade. Sai dai ba zan so mu kwafo dokar yadda take ba. Su can darajar koginsu mafi girma ita ce nisansa da mutane, inda mai yawon shaƙatawa zai yi kwanaki cikin jirgin roba bai ga gida ba. Namu darajarsa mutanen da ke bakinsa ne. Dokar da za ta hana mai shinkafa shuka, ko ta kori Bafillace daga burgu, ko ta ƙwace tarun dattijon nan na gindin tsamiya, ta kashe abin da ta zo karewa. Abin da za a kare a nan shi ne zuwan ambaliya a kan kari da janyewarta a kan kari. Ma'aunin namu dole ya ƙirga buhun shinkafa, da kwandon banda, da kan shanun da suka ci rani a fadama, da zurfin ruwan rijiya a Gaidam.

Ban raina hujjar mutanen Bauchi ba. Matashin Ningi da ba shi da aikin yi da rani, yana kallon ruwa na wucewa ta bayan gidansu zuwa wata jiha, yana da gaskiyar tambayar ina rabonsa. Kuma ambaliya ba kullum take zuwa da alheri ba: a 2022 ta rusa gidaje ta cinye gonaki a Zaki da Gamawa da Jakusko da Bade, wanda ya kwana a sansanin gudun hijira ba za ka yi masa wa'azin kyan kogi ba. Amma shi ma kwarin Haɗeja, da ke ƙarƙashin dam biyu, ambaliyar 2022 ba ta ƙyale shi ba. Jinga a kewayen gari, da gargaɗi tun ruwa na Bunga, da hana gini a hanyar ruwa, da ƙananan rijiyoyin lambu irin waɗanda shirin Fadama ya yaɗa tun shekarun 1990, duk abubuwa ne da ya kamata a auna su gefe da gefe da babban dam kafin a yanke hukunci. Maƙwabtanmu na Kamaru sun gina dam ɗin Maga a 1979, fadamar Waza da Logone ta bushe, kifi da kiwo suka durƙushe, sai a 1994 aka fara fasa jinga ana mayar da ruwa. Gyaran ya yi amfani, amma bayan shekara 15 ana asara.

Wurin zaman ma akwai shi. A 2006 gwamnonin Bauchi da Borno da Jigawa da Kano da Filato da Yobe suka haɗu a Damaturu, suka amince da tsarin kula da wannan kwari baki ɗaya, suka kafa masa asusu mai hedikwata a Damaturu. Masu binciken ma ba sai an ɗauko su daga waje ba: akwai jami'ar tarayya a Gashuwa a bakin kogin, akwai ta jihar Bauchi a Gadau, akwai ta Yobe a Damaturu. Abin da nake so in gani shi ne waɗannan jihohi su nemi Majalisar Tarayya ta sa a tantance kogin Jama'are yanki-yanki, daga Bunga har mahaɗa, a dakatar da maganar Kafin Zaki har a gama, a kuma zauna da sarakunan ruwa da arɗo-arɗo da masu lambu na sama da na ƙasa, a ji daga bakinsu. A jerin kuma a sa kogin Misau, wato Komadugu Gana, wanda ya fi kowanne kusa da mu 'yan Potiskum, ya bi ta Dapchi ya haɗu da Yobe a wajen Damasak, shi ma babu babban dam a kansa. Aikin farko mai sauƙi ne kuma ba shi da tsada: a tabbatar da ma'aunin ruwa mai aiki a gadar Bunga da Katagum da Gashuwa da Dapchi, a sa mai karanta shi kullum, a riƙa sanar da sakamakon a rediyo da Hausa da Badanci da Kanuri da Fulatanci.